RA'AYINMU: A Ɗaure Raƙumi Kafin Ruwan Agusta

 

Muna fuskantar da wannan kira ne ga magidanta na ƙasar Gaya da Ajingi, tun damina ba ta kankama ba. Babu wanda zai ce bai san abin da ruwa ke yi wa yankinmu ba. A shekarar 2001, sa'ad da madatsun Tiga da Challawa suka cika suka tumbatsa, kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja ya shafe gonaki da ƙauyuka masu yawa. A watan Agustan 2022 kuwa, ruwan sama ya rushe ɗaruruwan gidaje a ƙaramar hukumar Ajingi, aka yi asarar rayuka. A shekarar dai sama da mutum 600 suka rasu a ambaliya a faɗin Nijeriya.

Abin takaici shi ne, duk lokacin da aka yi maganar shiri, sai ka ji wani ya ce ai ƙaddara ta riga fata. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma wanda ya fi kowa sanin tawakkali shi ne ya umarci mai raƙumi da ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara ga Allah, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Annabi Yusuf (AS) ya tanadi hatsin shekara bakwai a cikin zangarniyarsa domin farin da ke tafe. Sayyidina Umar (RA) ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba, bai ga hakan a matsayin raunin imani ba. To, ina hujjar wanda ya ga katangar ɗakin 'ya'yansa ta tsage tun bara, ya zuba mata ido?

Mafi muni daga wannan su ne waɗanda ke zuwa wurin boka a binne musu laya a kusurwar gida, ko a yi yanka a bakin kogi wai don a lallashi mutanen ruwa. Wannan shirka ce ƙarara. Kuɗin akuyar da aka zubar da jininta ya isa a sayi indararo biyu da ladan magini.

Mu lura, sau da yawa ba kogi ne ke cin gida ba. Ginin ƙasa ne ke shan ruwa ta gindi kwana da kwanaki, sai ya zube cikin dare a kan masu barci. Saboda haka aikin farko shi ne yaɓe da gyaran soro da indararo, da cike gindin katanga, da yashe magudanar da muka toshe da shara da hannunmu. Ɗakin da ya jiƙe ya fara tsagewa, kada a kwana cikinsa ko da dare ɗaya. A ɗaga rumbu da buhunan hatsi daga ƙasa, a keɓe irin shuka. Takardun gona da katin shaida da na asibiti a ƙulle su a leda wuri guda, tare da tocila da rediyo da ɗan kuɗi. Bayan ruwa ya janye, rijiyar da ya shiga ta gurɓace, daga nan kwalara ke ɓullowa. A tafasa ruwan sha, kuma kowace uwa ta iya haɗa ruwan gishiri da sukari.

Akwai kuma maganar da mazaje ba su cika son ji ba. Maigida ya tafi kasuwa ko cin rani, ruwa ya shigo gida, matarsa tana tsoron fita ba da izininsa ba. Ya ɗan'uwa, tsare rai yana cikin manyan manufofin Shari'a, kulle bai zo don ya halaka kowa ba. Ka ba iyalinka izini tun yau, da bakinka, ka nuna musu inda za su nufa: masallaci ko makarantar da ke kan tudu. A san wanda zai ɗauki tsohuwa, da wanda zai riƙe yara, da wanda zai kwance dabbobi. Almajiran da ke kwana a zaurenka su ma amana ce a wuyanka.

Hukumar NiMet da ta NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara. Sauraronsu ba duba ba ne, domin nazarin alamomi ne da Allah Ya sanya a halittarSa, ba da'awar sanin gaibu ba. Muna roƙon limamanmu su karanta wa jama'a wannan gargaɗi bayan sallar Juma'a, 'yan agaji kuma su zaga unguwa-unguwa su rubuta gidajen zawarawa da marayu da ke buƙatar yaɓe, a sa ranar gayya kafin ƙarshen watan Yuni.