Gigin tsufa: biyan mai jinya ba watsi da iyaye ba ne

Ƴan uwa ɗalibai, a duba hostel ɗin mata, a ƙirga waɗanda suka ajiye semester saboda "jinyar Kaka". Da wuya ka ji an kira namiji gida. Shi zai turo kuɗin magani ta waya, ita kuma ta ajiye project ta koma wanke zannuwa.

A Yindiski da sauran unguwannin Potiskum, in tsoho ya fara manta sunan ƴaƴansa, ko ya fice da dare wai zai tafi gona, sai a ce ya ruɗe, wasu ma su ce jifa ne. Alhali ciwon ƙwaƙwalwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Nan Damaturu ma, cibiyar BioRTC da Dakta Mahmoud Bukar Maina ya kafa a Jami'ar Jihar Yobe tana bincike a kai.

Ni dai a ganina, a haɗa kuɗi a ɗauki mai jinya. Na san za a ce "ina amfanin haihuwa?" To amma jinyar nan ba ta mako biyu ba ce, shekaru take ci, dare da rana. Wadda ba ta samun barci, wata rana ita ce za ta daka wa tsohuwar tsawa.

Sai dai ba kowa za a ɗauko ba. Don Allah ban da almajiri, ban da yarinya ƴar shekara 12 daga ƙauye. Babba ake nema, mace ga mace, namiji ga namiji saboda tsarki da wanka. Ga waɗanda suka gama makarantar kiwon lafiya suna zaune ba aiki. Abin da aka fi mantawa kuma shi ne yare. Mai wannan ciwo yakan koma harshensa na yarinta. Tsohuwar da ta shekara 50 tana Hausa a kasuwa sai ta koma Ngizimanci ko Karekare zalla. Mai jinyar da ba ta ji, yaya za ta gane ƙishirwa ce ko ciwo?

A yanke albashi tun farko, da ranar hutu, kuma wani ɗan gida ya riƙa kwana a gidan. Maza masu cewa abin kunya ne, bismillah, su karɓi kwana bibbiyu a mako.