Labaran Suleja a filin aro

Daga gindin Dutsen Zuma a Madalla har cikin garin Suleja, yawancin labarin gari a Facebook da WhatsApp ake samunsa: cunkoson tankoki a hanyar Kaduna, farashin doya a kasuwa, sanarwar rasuwa. Masu wannan aiki sun cancanci yabo, sai dai gini suke yi a filin aro. A watan Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Ranar 4 ga Oktoban 2021 kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida a duk duniya. Ko babu wannan ma, gwada neman rahoton da aka wallafa bara a irin waɗannan shafuka, za ka yi ta jan allo da yatsa har datarka ta ƙare.

Za a ce jama'a suna Facebook, kuma buɗe shafin intanet kuɗi ne. Gaskiya ne, ba mu kuwa ce a bar dandalin ba. A ajiye asalin labari a shafi na kai mai adireshin .ng, sannan a tura mahaɗinsa can. Tsadar ma galibi daga ƙawa take zuwa, wato manyan hotuna da bidiyon da ke kunna kansa. Mai karatu a Maje ko Kwamba, da ƙaramar waya da datar ɗari biyu, rubutu yake so ya buɗe nan take, da kwanan wata a sama, da ƙ da ɗ da ɓ a cike yadda neman kalma zai yi aiki.