Wa ke sauraron 'yar makarantar kwana?

A Kakuri, kudu da Kogin Kaduna, akwai makarantar da ta girmi Nijeriya mai 'yancin kai da shekara ashirin. Mata masu hidimar cocin Katolika ne suka kafa ta a 1940 da sunan Queen of Apostles College, kuma da gwamnati ta karɓi makarantun mishan a farkon shekarun 1970 sai aka sauya mata suna zuwa Kwalejin Sarauniya Amina. Tsawon waɗannan shekaru iyaye, Musulmi da Kirista, suna kai mata 'ya'yansu da akwati da bokiti, su yi musu addu'a su juya gida. Tambayar da nake so mu duba a wannan mako ta shafi wannan makaranta da dukkan takwarorinta: idan iyaye sun juya, wa ke karɓar amanar zuciyar yarinyar?

Mai karatu ya tuna yadda gidan Bahaushe yake. Kunya kan hana yarinya faɗa wa mahaifiyarta abubuwa da yawa, balle idan 'yar fari ce. Amma al'ada ba ta bar ta haka nan ba. Akwai kaka, wadda ake wasa da ita, kuma a cikin wasan ake sako maganar gaske. Akwai gwaggo, akwai inna, akwai yayar da ta yi aure. A wurinsu yarinya take jin bayanin jinin al'ada ranar da ta fara ganinsa, su take gaya wa idan wani ya tare ta a hanya. Makarantar kwana takan raba yarinya mai shekara goma sha ɗaya ko sha biyu da waɗannan mata gaba ɗaya, na kusan wata tara a shekara, a daidai lokacin da jikinta da tunaninta suke sauyawa. Makarantar da ta ɗauke ta ta ɗauki bashin maye mata gurbinsu.

Su wa ke biyan wannan bashi a yau? A mafi yawan makarantunmu mutum uku ne. Ta farko metiron, wadda ke kwana kusa da ɗalibai, amma ita ce mafi ƙarancin albashi da horo, kuma ba kasafai ake jin ta bakinta a taron malamai ba. Ta biyu malamar ba da shawara, wadda sau da yawa akan jibga mata darussa kamar kowa, sai shawarar ta koma cike fom ɗin WAEC da JAMB. Ta uku kuwa babbar ɗalibar da ƙaramar ta riƙa a matsayin uwar ɗaki. A gaskiya ita ce ta fi jin sirri. Sai dai 'yar shekara goma sha shida ce, ita ma tana neman mai sauraronta. Idan an dace da mai hankali, to madalla. Idan ba a dace ba, ƙaramar ta zama 'yar wanki da ɗebo ruwa.

Ba sabon ilimi nake kawowa ba. Masana sukan danganta farkon ba ɗalibai shawara a tsare a Nijeriya da wata makarantar 'yan mata, wato St. Theresa da ke Ibadan, inda a 1959 aka gayyato mutane daga waje su tattauna da 'yan ajin ƙarshe kan makomarsu. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi masu ba da shawara a makarantun gaba da firamare. Jihar Kaduna ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2018, a shekarar ce kuma ta ayyana karatun sakandare kyauta ga 'yan mata a makarantun gwamnati. Tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya. A takarda ba mu da talauci. Abin da ya rage shi ne mace guda mai lokaci da ɗaki mai ƙofa.

Yaran kudancin Kaduna kuma suna da nasu kaya na musamman. Masaƙun Kakuri, irin su KTL da UNTL da Arewa, sun ciyar da dubban gidaje, kuma durƙushewarsu ta bar iyaye da yawa ba aiki ba haƙƙin sallama. Rikice-rikicen 2000 da 2002 sun raba garin gida biyu, har kogin ya zama kamar iyaka. A Yulin 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da ɗari daga makarantar Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun, ba nisa da birni. Yarinyar da ta taso cikin wannan duka tana shiga aji da fargabar da ba a rubuta a rajista. An gina katanga, an ƙara masu gadi, kuma hakan daidai ne. Amma katanga ba ta jin kukan da ake yi a cikin bargo.

Ina ganin sakamakon a jami'a. Akwai ɗalibai mata masu kaifin ƙwaƙwalwa da ke zuwa mana ba sa iya ɗaga hannu a aji, ba sa iya kai ƙara ko da an zalunce su a fili, domin shekara shida sun koyi cewa mai magana ita ke shan wuya. Waɗannan ma su ne suka tsira. Sauran sun tafi hutu ba su dawo ba, aka rubuta an yi musu aure ko iyaye sun cire su, ba wanda ya tambayi abin da ya faru wata uku kafin nan. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, amma sai da mai duba fuskar.

Gyaran bai kai tsadar gina aji ɗaya ba. A rage wa malamar ba da shawara darussa, a ba ta ɗakin da ba ya jikin ofishin shugabar makaranta, don kada shiga wurinta ya zama kamar an kira mai laifi. A horar da metiron kan alamomin damuwa da cin zarafi, a ba ta kujera a taron malamai. A raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, kowace malama ta riƙe adadin da za ta iya sanin sunayensu da na garuruwansu, ta zauna da su sau ɗaya a mako. A samar da hanyar kai ƙara da ba ta bi ta hannun wanda ake ƙara, kuma a ajiye audugar mata inda yarinya za ta ɗauka ba sai ta roƙa ba. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, waɗanda ke cike da likitoci da lauyoyi da alƙalai, za su iya ba da yini ɗaya a zango su zauna da ƙannensu.

Sharaɗi ɗaya ne ke riƙe da wannan duka, shi ne riƙon sirri. Ranar da maganar da yarinya ta faɗa a ɗaki ta fito a ofishin malamai ko a filin taron safe, an rufe bakin sauran ɗaliban gaba ɗaya, kuma sai an yi shekaru kafin ya sake buɗuwa.

Mu iyaye ma da namu. Ranar ziyara mukan kai garin kwaki da madara, mu tambayi maki, mu tafi. A ziyara mai zuwa, a ƙara tambaya ɗaya: "Idan abu ya dame ki a nan, wa kike gaya wa?" Idan ta ambaci suna, a nemi matar a gode mata. Idan ta sunkuyar da kai ta yi shiru, kada a bar harabar makarantar sai an ga shugaba.