INSHORAR BABUR: SHIGA A RANO, FITA SAI A BIRNI

Masu jiran ci gaban littafi ku yi mini afuwa, wannan makon alƙalamin ya ƙi bin hanyar soyayya. Wani abu ne ya tsaya mini a maƙogwaro, in ban amayar da shi ba babi na gaba ba zai rubutu ba.

Bayan kaka na sayar da babur ɗina ga ƙanin mai ɗakina da ke Saya-Saya ta ƙasar Kibiya. Dalilin sayarwar ba sai na faɗa ba, duk marubucin da ya ga yadda kasuwar littafi ta koma cikin waya ya san shi. Wata huɗu ke nan da sabunta inshorar babur ɗin, saura takwas. Sai na nufi wajen mutumin da ya yi mini takardun a nan Rano, na ce ina so a soke ta.

Ya dube ni kamar na ce a tayar da matacce. "Malam, soke me? Ai inshora ba a soke ta, da kanta take mutuwa. Ka haɗa wa yaron da sauran takardu kawai."

To jama'a, wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ita ce nake faɗa da ita yau. Inshora yarjejeniya ce, cikin sharuɗɗanta akwai na sokewa: ka sanar da kamfani a rubuce, ka mayar da satifiket, in ba a taɓa biyan diyya a kanta ba a shekarar a cire na watannin da ka ci a ba ka saura. Cirewar ma ba raba-daidai ba ce, watannin farko sun fi tsada, wanda ya bari sai dab da ranar sabuntawa ba abin da zai tarar. Amma wa ya taɓa ganin waɗannan sharuɗɗa a garinmu? Falle ɗaya ake miƙo mana, mu naɗe a leda mu cusa ƙarƙashin sirdi.

Mu yi lissafi. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ƙayyade kuɗin inshorar kare wanda ka buge: motar gida N15,000, a-daidaita-sahu N5,000, babur N3,000, diyyar ɓarnar dukiya kuwa har naira miliyan 1 ga babur. Idan na tashi daga Rano na bi ta Bunkure da Kura na shiga birni neman ofishin kamfani, kuɗin mota zuwa da dawowa ya cinye abin da za a mayar mini tun ban sha ruwa ba. Haƙƙin da kuɗin nemansa ya fi shi yawa, wane irin haƙƙi ne? An rataye jaka ne a inda aka san hannun talaka ba ya kaiwa.

Wani zai ce haba marubuci, duk wannan kumfar baki a kan canjin dubu uku? Wallahi ba kuɗin ne ya hana ni barci ba. Sunana ne a jikin takardar. Ni kamfani ya yi alƙawari da shi, kuma inshora ba ta bin babur zuwa gidan sabon mai shi kamar yadda madubi da fitila ke bi. Ƙari a kan haka, ni na ce hawa zan yi, shi kuwa yaron fasinja da buhuna yake ɗauka tsakanin Kibiya da Rano. Ran da tsautsayi ya gitta, Allah ya kiyaye, ya bankaɗe 'yar wani mai tallar nono, kamfani zai buɗe littafi ya ce babur ya sauya hannu, aiki ma ya sauya. Yarinya na kwance a asibiti, takarda na nan lafiya lau cikin leda, mu kuma muna zaune a zauren dagaci ana karo-karo. Wannan ita ce shawarar da aka ba ni da murmushi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, tun da aka hana acaba a birnin Kano a 2013, ƙauyuka ne matattarar masu neman abinci da babur. Baburan suna nan, ofisoshin suna can. Ranar 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara kamen marasa inshora a faɗin ƙasa, nan da nan masu sayar da takarda suka san hanyar kowane lungu. Mai son tabbatar da tasa ba jabu ba ce yana iya danna *565*11# a wayarsa ya gani. Madalla. To wayar da ta iya nuna inshorata, me ya hana ta iya soke ta, ko sauya suna zuwa na wanda ya saya? Hukumar da ta tilasta mini shiga ɗaki, ai ita ya kamata ta nuna mini ƙofar fita.

Mu ma ba zan wanke mu ba. Mun mayar da ita layar tsallake shinge. Mai ƙyamar ta saboda addini ma hujjarsa ta yi rauni, don tun 2016 aka ba kamfanonin takaful lasisi a ƙasar nan. Ni kaina da nake cika baki, shekara nawa ina biya ban taɓa tambayar me na saya ba?

Daga ƙarshe zare takardar na yi daga cikin ledar kafin na miƙa makulli. Yaron ya ɓata rai, ya ce, "Yaya, har takardar ma sai ka riƙe?" Na ƙirga dubu uku daga kuɗin babur ɗin na ce ya je a yi masa tasa da sunansa, ya kuma faɗa musu haya zai yi. Tawa tana nan cikin akwatin tsofaffin rubuce-rubucena, ba a soke ba, ba ta kare kowa. 'Yar'uwarsa kuwa har yau cewa take na kunyata ta a gaban danginta.