Shekara Goma da Sakan 13

Duk inda aka ambaci José Aldo a cikinmu, masu raba dare muna kallon damben keji na UFC a waya, kafin a rufe baki wani zai ce, "Wanda McGregor ya kashe cikin sakan 13?" Sai a bushe da dariya, a koma wata hirar. Da wannan dariyar muka zo yin faɗa yau, kuma ba mu ware kanmu ba, domin da mu aka yi ta.

Ba mu musun abin da ya faru. Ranar 12 ga Disamba, 2015, a Las Vegas, Aldo ya zabura da hanzarin da ba halinsa ba, Conor McGregor ɗan Ailan ya ɗan ja baya ya sakar masa hagu a muƙamuƙi, ya bi shi ƙasa da naushi biyu, alƙalin wasa ya shiga tsakani. Babu maguɗi, babu santsi. Kisa ne mai tsabta, irin wanda ko a filin damben gargajiya aka yi shi makaɗa za su canza kiɗa. Abin da muke musu shi ne a ɗauki wannan guntun bidiyo a ce shi ne mutumin.

Kafin wannan dare, rabon Aldo da shan kaye tun Nuwambar 2005. Shekara goma cur, faɗa 18 a jere, a wasan da aka halatta naushi da shuri da gwiwa da kokawa da shaƙewa, inda kuskuren ƙiftawar ido ke kai mutum asibiti. Yaro ne ɗan Manaus, can cikin ƙasar Amazon ta Birazil, ɗan magini, mai tabon ƙuna a kunci tun yana jinjiri. Burinsa na fari ƙwallon ƙafa ne. Bai kai shekara 20 ba ya tattara ya tafi Rio de Janeiro, ya riƙa kwana a ɗakin atisaye na Nova União, wurin mai horarwa André Pederneiras, don ba shi da kuɗin haya. A Nuwambar 2009 ya doke Mike Brown ya karɓi kambun ajin kilo 66 na kamfanin WEC. Ya kare shi sau biyu, da aka haɗe WEC da UFC a 2010 aka damƙa masa kambun sabon ajin, ya sake kare shi sau bakwai: Mark Hominick, Kenny Florian, Chad Mendes, Frankie Edgar, Chan Sung Jung, Ricardo Lamas, sai Mendes kuma a karo na biyu.

Jerin sunaye ba ya nuna yadda aka yi, don haka a tsaya kan faɗa ɗaya. A Afrilun 2010 Aldo ya je Sacramento, garin Urijah Faber, wanda a lokacin shi ne fuskar ƙananan ajujuwa a Amurka. Turmi biyar aka yi, minti 25, kuma Aldo ya shafe su yana saran cinyar Faber da ƙwabri, kamar mai sarar itace da ya san ba gaggawa yake yi ba. Shurin ɗan ƙwallo ne, daga ƙugu yake tasowa, babu alamar zuwansa. Tun a tsakiyar faɗan ƙafar ta daina ɗaukar mai ita, kwanaki bayan haka duniya ta ga hoton cinyar ta kumbura ta yi baƙi. Ga kuma abin da ya fi wannan wuyar gani: 'yan kokawar Amurka irin su Mendes da Edgar, waɗanda abincinsu shi ne kai mutum ƙasa, sun yi ta kama ƙafarsa suna tashi a banza. Sama da kashi 90 cikin ɗari na yunƙurin kayar da shi a UFC bai yi nasara ba. Yaya za a yanko wannan a sa a bidiyon sakan 15? Gwanintar hana abu faruwa ba ta da hoto.

A nan ne mu da muke cin abinci da rubuta manhajoji ya kamata mu sunkuyar da kai. Mun san yadda tsarin da ke zaɓo wa mutum bidiyo yake aiki, domin irinsa muke ginawa. Abin da yake aunawa shi ne ko yatsa ya tsaya, ko an kalla har ƙarshe, ko an maimaita, ko an tura wa wani. Bidiyon sakan 13 ya ci dukkan waɗannan jarrabawa kafin ma mai kallo ya yanke shawarar kallonsa. Faɗan minti 25 kuwa ya faɗi tun a layin farko. Da haka, shekara bayan shekara, injin yake ɗaga dare ɗaya yana danne shekara goma, har yaron da ya fara kallon wasan jiya ya ɗauka Aldo wani ne da aka kawo don McGregor ya yi suna a kansa. A wurin aiki, in wani ya gwada manhaja sau ɗaya ya kawo mana rahoton ingancinta, korarsa za mu yi ya je ya maimaita. Amma ga mu muna yanke wa ɗan'adam hukunci da gwaji ɗaya, muna kuma jin mun san wasa.

Za a ce to ai gwaji ɗayan ne kaɗai ake da shi. Gaskiya ne. Wa ya hana na biyu? Zakaran da ya riƙe kambu shekara shida, wanda shi kaɗai ajin ya taɓa sani, ba a ba shi damar ramawa ba. McGregor ya haura ya yi faɗa biyu da Nate Diaz a 2016, ya karɓe kambun aji na gaba daga Eddie Alvarez a Nuwamba, kuma bai kare kambun da ya ƙwata daga Aldo ba ko sau ɗaya, har aka karɓe shi. Kamfanin ya ƙyale shi saboda lissafin a bayyane yake. Ɗaya yana zuba Turanci mai yaji da ke sayar da tikiti, har ya fizge ɗamarar zakara daga gaban mai ita a taron 'yan jarida a Dublin aka yi ta tafi. Ɗayan kuwa Fotugis yake yi, sai tafinta ya tace maganarsa ta fito salam, ga shi kuma da ƙorafi a bainar jama'a kan ƙarancin kuɗin da ake biyan 'yan wasa da kan yarjejeniyar tufafi ta Reebok. Ɗan kasuwa bai yi abin mamaki ba da ya bi riba. Mu da ba a ba mu ko sisi ba, me ya kai mu haddace masa talla muna rerawa kamar karatun allo?

Kada masoyan Aldo su yi saurin gyara zama, akwai tasu a ƙasa. A Yunin 2009 shi da kansa ya tashi sama ya zuba wa Cub Swanson gwiwa, faɗan ya ƙare a sakan 8. Shekaru muka yi muna yawo da wannan bidiyon, kuma ba mu taɓa cewa an zalunci Swanson ba, mutumin da ya ci gaba da dambe fiye da shekara goma bayan nan, ya yi faɗan da har aka sanya shi a zauren girmamawa na UFC. Wuƙar da muka wasa ce ta yanke mu.

Ba kuma za mu ce bayan 2015 Aldo ya dawo yadda yake ba. Ya sake doke Edgar a Yulin 2016, kambun ya komo hannunsa, amma Max Holloway ya tsayar da shi sau biyu a 2017, duka a turmi na uku, kuma waɗannan kayen sun fi na McGregor gaya mana gaskiya, domin sun nuna inda numfashinsa ke ƙarewa idan aka matsa masa ba hutu. Duk mai son ya soki Aldo da hujja, nan ce ƙofar. Sai dai ba a bi ta nan, don tana bukatar a zauna a kalli minti 14 sau biyu. Abin da ya yi daga baya ma ba a cika faɗa ba. Yana da shekara 33, lokacin da jiki ke neman a ƙara masa, shi rage nauyi ya yi ya sauka ajin kilo 61. Ya nemi kambu a hannun Petr Yan a 2020 ya sha duka, ya tashi ya doke Marlon Vera da Pedro Munhoz da Rob Font a jere. Ya yi ritaya a 2022, aka sa shi a zauren girmamawa a 2023, ya taɓa damben boksin, ya dawo keji a Rio a 2024 ya yi nasara, sannan ya ajiye safar hannu a Montreal a Mayun 2025.

Akwai dare ɗaya da ya kamata ya hana mu wannan dariyar har abada. Ranar 20 ga Agusta, 2022, a Salt Lake City, Kamaru Usman haifaffen Auchi yana kan gaba a maki, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, Leon Edwards ya ɗora masa shuri a kai. Gari bai waye ba muka cika intanet da bayani: a tuna ya ci faɗa 15 a jere a UFC, a tuna ya kare kambu sau biyar, shuri ɗaya ba ya goge tarihi. Duk abin da muka ƙi faɗa wa ɗan Manaus shekara bakwai, a sa'a ɗaya muka samo shi da abin ya taɓa namu.

A wannan zauren, a wannan daren, faɗa ɗaya ne kawai tsakanin na Usman da na Aldo. Ana saura 'yan makonni ya cika shekara 36, ya tsaya gaban Merab Dvalishvili, ɗan kokawar Jojiya da daga baya ya zama zakaran ajin. Sau 16 Dvalishvili ya nemi kai shi ƙasa, sau 16 ya kasa. Aldo bai kai hari yadda ya kamata ba, alƙalai suka ba abokin karawarsa, kuma ba su yi kuskure ba. Da safe, a duk zaurukan WhatsApp ɗinmu, bidiyon shurin Edwards ne yake yawo. Na Aldo ba wanda ya turo.