Littafin Next: Ba Akun Ne Abin Tsoro Ba

Akwai wani littafin Turanci da ya yi watanni yana yawo hannu zuwa hannu tsakanin masu karance-karance a cikinmu nan Legas. Kwafi ɗaya ne tal, wani matashinmu ya tsinto shi wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a Yaba, bangonsa ma duk ya ɗaye. Sunansa Next, wanda Ba'amurken nan Michael Crichton ya wallafa a 2006. Shi ne marubucin Jurassic Park, wanda ko ba ka karanta ba ka ga fim ɗinsa. Likita ne da ya yi karatu a Jami'ar Harvard, ya ajiye aikin asibiti ya rungumi alƙalami, kuma Next ne littafinsa na ƙarshe da ya fito yana raye, domin ya rasu a 2008.

Mun jima ba mu ga littafin da ya raba kanmu irin wannan ba. Wasu sun ce ɓata lokaci ne, wasu sun ce ya hana su barci, akwai kuma wanda ya maido shi bai kai rabi ba, ya ce a ba shi James Hadley Chase ya huta. Mu da muke rubuta wannan muna da namu ra'ayin, kuma ba za mu ɓoye ba: a matsayin labari, littafin yana da rauni sosai, amma wanda ya jefar da shi saboda raunin ya bar abin da ya fi shafarsa a ciki.

Bari mu fara ba masu suka haƙƙinsu, don suna da gaskiya. Littafin ba labari ɗaya ba ne, labarai ne barkatai aka zuba a ƙwarya guda. Babi-babi ne gajeru, kana fara sabawa da mutum sai a ɗauke ka a kai ka wata ƙasa wurin wani daban, in aka dawo da na farkon ka riga ka manta sunansa. Wata 'yar uwarmu ma'aikaciyar jinya ta ce sai da ta ɗauki biro tana rubuta sunaye a bayan bango kafin ta gane waye mijin wa. Ga shi kusan kowa a ciki mugu ne ko mai kwaɗayi: likita maƙaryaci, lauya mai cin amana, mai kamfani mara tausayi. Mutumin da za ka ji tausayinsa har zuciya da wuya ka same shi. A tsakanin babukan kuma marubucin ya cusa rahotanni masu kama da na jarida, wasu daga abin da ya faru, wasu ƙirƙira, ba tare da ya nuna maka wanne ne wanne ba. Ga wanda bai san fannin ba, wannan rikitarwa ce.

Sai kuma dabbobin. Akwai aku mai suna Gerard da aka sa wa ƙwayoyin halittar ɗan Adam, yana yi wa yaro aikin lissafi na makaranta, yana kuma tona asirin maigida. Akwai Dave, biri mai haɗe da jinin mutum, wanda aka sa wa riga da wando aka kai makaranta. Akwai wani goggon biri a dajin Sumatra mai zagin mutane da yaren Turawa. Nan ne da yawa suka ce to an shiga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Mu dai abin ya ba mu dariya da muka ji masu ƙorafin akun, don mu ne fa muka tashi da Waziri Aku na Magana Jari Ce, ba mu taɓa cewa Abubakar Imam ya raina mana hankali ba. Duk da haka mun yarda: har yau babu wanda ya ƙirƙiro aku mai lissafi ko biri ɗan makaranta, kuma wanda ya karanta ya ɗauka haka kimiyya take, an ɓatar da shi.

Inda muka rabu da masu suka shi ne labarin Frank Burnet. Mutum ne da ya kamu da kansar jini, aka yi masa magani a asibitin jami'a a Los Anjeles, ya warke. Likitansa ya ci gaba da kiransa shekara da shekaru, yau a ɗebi jini, gobe a ɗebi ɓargo, shi kuma yana zuwa da fargabar cutar ce ke shirin dawowa. Ashe jikinsa ne ke samar da wani sinadari mai yaƙar kansa, an kuma sayar wa wani kamfani ƙwayoyin jikin nasa da maƙudan kuɗi ba da saninsa ba. Ya kai ƙara, kotu ta ce ba shi da haƙƙi a kai. Da ajiyar kamfanin ta lalace, sai suka ce ai ƙwayoyin nasu ne duk inda suke, har a jikin 'yarsa da jikansa, suka ɗauki hayar mai farautar mutane ya kamo su a ɗiba da ƙarfi. Ba za mu faɗi yadda ta ƙare ba saboda waɗanda ke jiran layi.

Wani malamin makaranta a cikinmu ya ce wannan ya fi na akun zama shaci-faɗi, wace kotu ce za ta ce jikinka ba naka ba ne? To a nan ne gizo ke saƙar. Farautar 'yar da jikan ƙari ne na marubuci, amma tushen labarin ya faru. A 1976 wani mutum mai suna John Moore ya je asibitin Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles da wani nau'in kansar jini, aka cire masa saifa. Shekaru bakwai yana tasowa daga garin Seattle yana zuwa ana ɗibar samfur a jikinsa, yana zaton duba lafiyarsa ake yi. A 1984 aka ba jami'ar takardar mallakar ƙwayoyin da aka raya daga saifarsa. A 1990 Kotun Ƙolin jihar Kalifoniya ta yanke cewa ba shi da haƙƙin mallaka a kan abin da aka riga aka cire daga jikinsa, sai dai ta ce wajibi ne likita ya sanar da mara lafiya in yana da wata moriya ta kuɗi a cikin lamarin. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Kafin shi akwai Henrietta Lacks, baƙar fata 'yar Amurka, wadda aka ɗebi ƙwayoyin kansarta a 1951 ba a tambaye ta ba. Ta rasu a shekarar, amma ƙwayoyin nata suna nan ana rayawa a ɗakunan bincike na duniya, da su aka gwada rigakafin shan inna, kuma sai a 2023 iyalanta suka cimma sulhu da ɗaya daga cikin kamfanonin da ke sayar da su.

A ƙarshen littafin Crichton ya ajiye labari gefe ya rubuta nasa shawarwarin, na farko a daina ba kamfanoni mallakar ƙwayoyin gado na ɗan Adam. A lokacin ana yin hakan da gaske. Wani kamfani mai suna Myriad ya riƙe takardar mallakar ƙwayoyin gado biyu da ke nuna haɗarin kansar nono, ta yadda mace a Amurka ba ta da inda za ta yi gwajin sai wurinsa, a farashin da ya ga dama. Sai a 2013, shekara biyar bayan rasuwar marubucin, Kotun Ƙolin Amurka ta ce abin da yake halitta ne a jikin mutum ba a mallakarsa da takarda. Ba muna cewa duk abin da mutumin nan ya faɗa gaskiya ba ne. Shi ne ya rubuta State of Fear a 2004 yana shakkar ɗumamar yanayi, masana kuma suka yi masa ca, mu da muka ga abin da ya sami Tafkin Chadi da gonakinmu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Amma a kan wannan batu guda, lokaci ya gaskata shi.

Me ya kawo mu cikin rigimar Amurkawa? Waɗanda littafin ya fi girgizawa a cikinmu mutanen Kano ne, kuma dalilinsu a fili yake. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana, gwajin ya shafi yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su kuma an nemi izinin iyaye, iyayen suka ce ba su san gwaji ake yi ba. An yi ta shari'a har 2009 da aka sulhunta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wannan ba batun sauya ƙwayoyin halitta ba ne, amma tambayar ɗaya ce da ta Frank Burnet: shin an gaya maka abin da za a yi da jikinka, da harshen da kake ji, kafin ka miƙa hannu?

Mu da ke zaune a kudu tambayar ta fi yi mana nauyi. Sau nawa muka raka ɗan uwa asibiti aka miƙo masa takarda da Turanci, ma'aikacin yana sauri, layi ya yi tsawo, aka ce dangwala nan, ya dangwala? Sau nawa aka zo unguwa da gwajin jini kyauta muka yi tururuwa, ba wanda ya tambayi ina za a kai ragowar jinin, wa zai ajiye sakamakon, har yaushe? Mafi yawan masu irin wannan aiki alheri suke nufi, ba ma zarginsu. Amma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi cewa ba a ɗibar jini ko wani sashe na jikin mai rai sai da amincewarsa bisa sani, in ba a halin gaggawa ba. Dangwala yatsa a kan abin da ba ka fahimta ba ba amincewa ba ce. Wanda ya ce a fassara masa kafin ya sa hannu bai yi rashin kunya ba, haƙƙinsa ya nema.

Sai dai a nan kuma dole mu ja kunnen ɗaya ɓangaren, masu cewa littafin ya tabbatar musu duk wani binciken Bature makirci ne. Ba haka marubucin ya ce ba. Cikin shawarwarinsa har da cewa kada a haramta bincike. Mun kuma ga inda tsoro ya kai mu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi, tabon 1996 na cikin abubuwan da suka sa mutane suka gaskata jita-jita, cutar ta sake bazuwa har ta tsallaka wasu ƙasashe, yaran da suka shanye a lokacin yanzu magidanta ne muna ganinsu. Sai a 2020 aka tabbatar an kawar da ita daga Najeriya. Wannan ma wani darasi ne da ba ya cikin littafin Crichton.

Babban abin da littafin ya rasa, a ganinmu, shi ne bai san da irinmu ba. Tsoron mutanensa shi ne kimiyya za ta yi musu yawa. Namu tsoron daban ne. Ku duba sikila. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu ita, kiyasin da aka fi ambata shi ne jarirai kusan 150,000 duk shekara, kuma da wuya a sami zuri'a a cikinmu da ba ta san daren da yaro ke kukan ciwon ƙashi ba. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy, wanda ake yi da fasahar gyaran ƙwayoyin gado ta CRISPR, fasahar da ba ta ma bayyana ba lokacin da aka rubuta Next. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke samar da jini daga jikin mara lafiyar, a gyara su yadda za su koma yin irin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa, sannan a mayar masa. Wannan shi ne ainihin sauya ƙwayoyin halittar da ake yi wa ɗan Adam yau, ba aku mai lissafi ba. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Ku lissafa da naira ku gani.

Wata uwa a cikinmu mai ɗa da sikila ita ce ta fi kowa taƙaita maganar. Ta karanta littafin har ƙarshe, ta ce ita ba ta ga abin tsoro a ciki ba, da za a ce ana neman jinin ɗanta don bincike da gudu za ta kai shi, sharaɗinta kawai a gaya mata gaskiya, kuma in an samo maganin kada a ce ya fi ƙarfinta. Masu yabon littafin da masu sukarsa duk suka yi shiru, don babu wanda ya kalli abin ta wannan fuskar.

Ga wanda ke tambaya ko ya karanta, amsarmu ita ce eh, amma kada ka sa ran daɗin labari irin na Jurassic Park. In sunaye sun rikita ka, bi zaren Frank Burnet da 'yarsa kawai, sannan ka karanta bayanin marubucin na ƙarshe a tsanake. Kwafin yanzu yana Agege, mutum biyu ne a gaba, kuma muna roƙon wanda ya karɓa ya lallaɓa shafukan tsakiya, sun fara zarewa.