NAZARI: Abin da dutsen Yola ke nunawa game da lissafin man Arewa

Ranar 22 ga Nuwamba, 2022, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin man Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, inda aka ce akwai sama da ganga biliyan 1. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 kuma ta ware kashi 30 na ribar mai da iskar gas ta kamfanin NNPC domin laluben mai a sababbin yankuna, har da kwarin Binuwai, wanda reshensa guda ya bi ta Yola.

Sai dai kwanciyar mai a ƙasa daban, fitowarsa daban. Abin da ke raba gardama shi ne yadda dutse ke bari a ratsa shi. Ana auna wannan a kan guntun dutsen da bai wuce tsawon yatsa ba, sannan a ɗora sakamakon kan taswirar kwamfuta wadda kowane gurbinta ke wakiltar mita gommai ko ɗaruruwa.

A nan gizo ke saƙar. A ɗauki shimfiɗu biyu masu kauri ɗaya, ta farko ma'auninta 1,000, ta biyu 1. Idan mai ya bi tsawonsu, matsakaicin ya kai kusan 500. Idan kuwa dole ya keta su daga ƙasa zuwa sama, bai kai 2 ba. Dutse ɗaya, amsa biyu.

Yola da Jimeta na zaune ne a kan dutsen yashin Bima, wanda ya miƙe har ƙarƙashin yankin Kolmani. Tsoffin koguna ne suka jibge shi, yashi da laka bi-da-bi, shi ya sa rijiyoyin burtsatse biyu a unguwa ɗaya kan sha bamban wajen ba da ruwa. Abin da ke tare ruwa zai tare mai.

Saboda haka, duk hadimin da takardar neman kuɗin haƙa ta biyo ta teburinsa, ya kyautu ya yi tambaya uku. Adadin da aka rubuta na man da ke kwance ne, ko wanda za a iya zaƙulowa? Samfuri nawa aka auna? An gwada lissafin da abin da rijiya ta fitar a zahiri? Hukumar NUPRC ce ke da alhakin tantance amsoshin, kuma masana duwatsu na Jami'ar Modibbo Adama suna da dutsen Bima a ƙofar gida. Kuɗin auna dutse bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da asarar rijiya guda da ta fito fayau.